Hukumomin Ƙasashen Larabawa da Matan Kiyeshe: Batun Kuɗi, Harshe da Rubutu

Kiyeshe ƙaramar hukuma ce ta karkara a cikin gundumar Dogon Dutsi, jahar Doso, a kwarin Dallol Mauri, watau ƙasar da masu ita ke kira Arewa. Noma ne babban aikin mutanenta, Hausa kuwa ita ce harshen gida da na kasuwa. Duk lokacin da aka zauna tsara aikin yaƙi da jahilci domin matan irin wannan wuri, da wuya a tashi ba a kawo shawarar neman taimakon Larabawa ba, sai ka ce Larabawa ƙofa ɗaya gare su. Alhali kuwa ƙofofin suna da yawa, kuma galibinsu ba domin Nijar aka gina su ba. Wannan maƙala za ta bambanta su, sa'an nan ta duba abin da ke faruwa ga saƙonsu idan ya iso bakin Bahaushe.

Asalin hukumomin

Uwar yawancinsu ita ce Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa, wadda aka kafa a Alƙahira a cikin watan Maris na 1945. Ƙasashe 22 ke cikinta, goma daga ciki a nahiyar Afirka su ke. Nijar ba ta ciki, ko da ya ke tana iyaka da biyu daga cikinsu, Aljeriya da Libiya, kuma dokarta ta 2001 ta lissafa Larabci a cikin harsunan ƙasa. Wannan rashin zama ɗan ƙungiya shi ne mabuɗin duk abin da zai biyo baya.

A fannin watsa labarai akwai ASBU, haɗin gwiwar gidajen rediyo da talabijin na Larabawa, wanda aka kafa a Khartum a 1969, mazauninsa kuma yana Tunis. Aikinsa musayar labarai da shirye-shirye da horar da ma'aikata tsakanin gidajen da ke cikinsa. Akwai kuma Arabsat, ta taurarin ɗan'adam, da aka kafa a 1976, ta harba tauraronta na farko a 1985. A fannin ilimi akwai ALECSO, wadda ta fara aiki a Alƙahira a 1970 kafin ta koma Tunis. A kan sha'anin mata, Hukumar Matan Larabawa ta tsaya da ƙafarta a Alƙahira a 2003, cibiyar CAWTAR kuwa, mai bincike da horo, an buɗe ta a Tunis tun 1993 da tallafin asusun AGFUND na Yarima Talal ɗan Abdul'aziz. Dukansu domin ƙasashen Larabawa aka yi su, kuma Larabci ne babban harshen aikinsu. Haka ma Asusun Larabawa na Raya Tattalin Arziki da Zaman Jama'a da ke Kuwaiti: domin ƙasashen ƙungiyar aka kafa shi.

Akwai wadda aka gina musamman domin ta ƙetare hamada, ita ce bankin BADEA. Shugabannin Larabawa sun yanke shawarar kafa shi a taronsu na birnin Aljas a watan Nuwamba na 1973, ya fara aiki a 1975 daga Khartum, a ƙarƙashin Shadli Ayari, mutumin Tunisiya. Lokacin ba daɗi: fari ya cinye Sahel, kuɗin man fetur ya yi tashin gwauron zabo, ƙasashen Afirka da yawa kuma sun yanke hulɗa da Isra'ila suna jiran su ga sakayya. Ƙa'idar bankin ita ce ya ba da rance ga ƙasashen Afirka waɗanda ba sa cikin Ƙungiyar Larabawa, saboda haka Nijar ta cancanta. Asusun Kuwaiti, wanda aka kafa a 1961, shi ma ya buɗe ƙofarsa ga sauran ƙasashe masu tasowa a 1974, shekarar da Saudiyya ta kafa nata asusun. Waɗannan uku duk suna cikin masu zuba kuɗi a madatsar ruwan Kandaji a kan kogin Kwara.

Taron ƙoli na farko tsakanin Afirka da Larabawa an yi shi a Alƙahira a 1977. Na biyu bai zo ba sai 2010, a Sirte. Shekara 33 ke nan, kuma wannan tazara ta isa ta nuna yadda zumuncin ya yi sanyi a tsakani.

Wani ruɗani da ya kamata a kau da shi

Sau da yawa a kan gama hukumomin Larabawa da na Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi a kira su da suna ɗaya. Kuskure ne mai tsada ga mai neman tallafi. Nijar tana cikin ƙungiya ta biyu tun kafuwarta a 1969. Ministocinta na harkokin waje sun yi taro a Yamai a 1982 da 2020. Ɗan Nijar, Hamid Algabid, ya riƙe babban sakatarenta daga 1989 zuwa 1996. Jami'ar Musulunci ta Sayi, da aka buɗe a 1986, tata ce. Bankin Musulunci na Jidda da hukumar ISESCO ta Rabat su ma a gidanta su ke. A nan Nijar ƴar gida ce mai kujera da ƙuri'a. A can kuwa baƙuwa ce, ko dai mai cin bashi. Kusan duk abin da ya shafi harshe da rubutu wanda ya iso ƙasar nan daga wannan shiyya, ta ƙofar ƙungiyar Musulmi ya shigo.

Abin da ke isowa karkara

Rancen BADEA da na sauran asusan da gwamnati a ke ƙulla shi, a Yamai, a takardun Faransanci da Larabci ko Ingilishi. Abin da ya fi karɓar irin wannan kuɗi shi ne hanya da rijiya da madatsa da ginin makaranta, abubuwan da a ke iya aunawa da mita a kuma ɗauki hotonsu. Ba a raina su ba: matar da rijiya ta matso kusa da gidanta ta sami sa'o'in da za ta iya zama a aji. Amma albashin malamar ajin, da littafin da za a karanta bayan an gama na farko, da allo da alli na shekara ta uku, ba su cika shiga lissafin rance ba. Ma'aikatan yaƙi da jahilci na Nijar, waɗanda hukumarsu ta fara aiki tun 1963, sun daɗe da sanin cewa wanda ya koyi karatu bai sami abin karantawa ba, bayan damina biyu ko uku sai a sake daga baƙaƙe.

Muryar Larabawa da ta fara shiga kunnen Hausawa da Hausa ba ta wata hukumar haɗin gwiwa ba ce. Sashen Hausa ne na Rediyon Alƙahira, na gwamnatin Masar, tun zamanin Jamal Abdul Nasir. Tashoshin tauraron ɗan'adam da suka zo daga baya sun kawo wa'azi da karatu da labarai da Larabci, waɗanda sai malami ya tsaya a tsakani kafin su isa ga matar ƙauye. Abin da ya isa gare ta kai tsaye na gida ne: ƙungiyoyin sauraron rediyo da aka kafa a 1962, da rediyon karkara da suka bazu daga wajen 2000.

Batun ajami

A nan ne aikin ya fi shafar masu nazarin harshe. Daga ƙarshen shekarun 1980, ISESCO da Bankin Musulunci, tare da cibiyar nazarin Larabci ta Rabat, sun ɗauki aikin daidaita baƙaƙen Larabci domin rubuta harsunan Afirka, har da Hausa, aka kuma ƙera keken rubutu mai waɗannan baƙaƙe. Hujjarsu mai ƙarfi ce: mutane da yawa da a ke lissafawa a cikin jahilai sun san baƙi da wasali tun daga makarantar allo, saboda haka babu dalilin mai da su farko.

Sai dai daidaitawar ta ci karo da abin da ke hannun mutane. Almajirin ƙasar Hausa da ruwayar Warshu ya ke karatu, da rubutun Magariba. A wurinsa fa ɗigo ɗaya gare ta a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, wasalin e kuwa da ɗigon imala a ke nuna shi a ƙarƙashin baƙi. Sabon tsarin ya jingina ga rubutun Gabas, inda fa ke da ɗigo a sama, ƙaf ke da biyu. Ke nan baƙin da na'ura ta buga da nufin fa, mai allo ƙaf zai karanta. Ga kuma sababbin alamomi na ɓ da ɗ da ƙ da c da ts, da na wasulan e da o, waɗanda ba duka suka yi daidai da abin da marubutan waƙa suka saba ba. Wanda aka ce za a gina a kan saninsa sai ya tarar da kansa yana koyon wani rubutu.

Arewa tana da nata ƙarin matsaloli guda biyu. Na farko na kari ne. Inda daidaitacciyar Hausa ke cewa fara da tafi, mutanen yamma hwara da tahi su ke cewa. Boko ya yanke hukunci a kan wannan, tun daga taron Bamako na 1966 har zuwa ƙa'idar rubutu da Ma'aikatar Ilimi ta Nijar ta fitar a 1999. A ajami kuwa mai rubutu kunnensa ya ke bi, don haka littafin da aka buga da fa ba lalle ya yi kama da abin da matar Kiyeshe za ta rubuta da hannunta ba.

Na biyu na tarihi ne, kuma shi ne masu tsari suka fi mantawa. Arewa ba Sakkwato ba ce. A can Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta bar tsarin jajis da ƴan taru masu kai waƙoƙin ilimi ga matan ƙauyuka. Arewa kuwa ba ta miƙa wuya ga daular ba. Sarauniyar Lugu da Baura na Bagaji sun ci gaba da riƙe al'amuran ƙasa bisa gadon kakanni, Musulunci bai game ƙasar ba sai a ƙarni na 20. Marc-Henri Piault ya rubuta tarihin Mauri a 1970, Adeline Masquelier kuma ta bi sauyin addini a tsakanin matan Dogon Dutsi a littafinta na 2009. Abin da wannan ke nufi ga mai tsari shi ne kada ya ɗauka cewa kowace mace ta yi allo. Wata ta yi, wata boko ta taɓa shekara biyu ko uku, wata kuma a makarantar Islamiyya ta matan aure ta fara ganin baƙi, inda sau da yawa littattafan bugun Gabas ne. Aji ɗaya, masu karatu iri uku. Kafin a zaɓi rubutu, ya kamata a ba kowace mai shiga aji takarda mai layi uku, na boko da na Magariba da na Gabas, a ga wanda idonta ya sani.

Kalmomin da ke sauya kaya a hanya

Da ya ke Hausa ta ari kalmomi masu yawa daga Larabci, mai fassara ya kan ɗauka cewa takardar CAWTAR ko ta Hukumar Matan Larabawa za ta shigo Hausa ba wahala. A nan ne tarkon ya ke, domin kalmar aro ta kan yi sabon gida.

Larabawa suna kiran wannan aiki mahwul ummiyya, watau share rashin iya rubutu da karatu. Hausa ta ce yaƙi da jahilci. Amma jahili a Hausa ya wuce wanda bai iya karatu ba. Zagi ne, ya kan kuma nufi wanda bai san addininsa ba. Dattijuwar da ta aurar da ƴaƴa, ta san lissafin adashinta da ka, ba za ta so a ganta tana shiga ɗakin da aka rubuta wa wannan suna ba.

Haƙƙi kuwa ta fi kowace nauyi. A takardun hukumomi hukukul mar'a na nufin abin da doka ta ba mace, wanda za ta iya nema a gaban alƙali. A bakin Bahaushe haƙƙi abu ne da ke wuyan wani: ci da sha da sutura da ke kan miji, gadon marainiya da ke hannun baffanta, kuma wanda ya danne shi alhaki zai bi shi ko ba a je kotu ba. Wannan ma'ana tana da ƙarfin da ta hukuma ba ta da shi, kuma mai wa'azi da mai shirin rediyo duk suna iya tsayawa a kanta. Ƴanci dabam ne. Asalinsa kishiyar bauta, ya zama sunan mulkin kai a 1960, amma idan aka ce ƴancin mata a gaban mazan ƙauye, da yawa abin da su ke ji shi ne fita daga hannun miji. Fassara ɗaya ta kan buɗe zaure, ɗayar ta rufe shi.

Wannan ba wasan kalmomi ba ne kawai. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana wariya ga mata a 1999, tare da togaciya a kan sassan da suka shafi aure da gado, kamar yadda ƙasashen Larabawa da yawa suka yi. Majalisar dokoki ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Maputo a 2006. Amma dokar kason kujeru ta 2000 ta wuce, ita ce kuma ta shigar da mata majalisun ƙananan hukumomi a zaɓen 2004. Abin da aka gabatar a matsayin rabo ya sami shiga. Abin da aka ji kamar taɓa aure ne ya tsaya. Muhawarar da malaman fiƙihu da lauyoyi mata suka yi a Maroko kafin gyaran dokar iyali ta 2004 tana da amfani ga Nijar, tun da mazhabar Malikiyya ce a ƙasashen biyu, amma da Larabci da Faransanci ta ke, ba ta kuwa da hanyar isowa Arewa sai an fassara ta.

A gefe guda ga Mata Masu Dubara, tsarin asusu da rance da ƙungiyar CARE ta fara a jahar Maradi a 1991. An gina shi a kan adashi, aka raɗa masa suna da Hausa, sunan kuma yabo ne ga masu shiga. Ya bazu a Nijar, har wasu ƙasashe suka ara. A irin waɗannan ƙungiyoyi ne buƙatar rubutu ke tasowa da kanta, domin wata sai ta riƙe littafin zubi.

Kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Idan za a sake ƙulla wata yarjejeniya da BADEA ko Bankin Musulunci a kan ilimin manya, akwai yanzu hujjar doka ta neman a sa kuɗin fassara da na buga littattafan Hausa a cikin ainihin lissafin. Aikin da ke gaban cibiyoyin harshe kafin wannan rana shi ne ƙaramin ƙamus na Larabci da Faransanci da Hausa a kan kalmomin aure da gado da rance da zaɓe, wanda za a gwada kowace kalmarsa a gaban matan Kiyeshe da Matankari da Tibiri kafin a kai shi maɗaba'a.