Soso ko Balsa: Da Me Za A Yi Fiffiken Ƙaramin Jirgi?

Jama'a, yawancinmu da muka tashi a Kano ko Maraɗi mun ƙera motar kara muna yara. To, 'ya'yanmu na Roxy da Treichville sun wuce nan, ƙaramin jirgin sama mai rimot suke so. Tun da kuɗin daga aljihunmu za su fito, ya kamata mu san abin da ake gardama a kai, wato fiffike.

Hanya ta farko ita ce balsa. Itace ne da akasari ake kawowa daga Ekwado, kuma mita ɗaya ta kowace fuska ba ta wuce kimanin kilo 160 ba. Har jirgin yaƙin Ingila mai suna Mosquito, wanda ya fara tashi a 1940, akwai balsa a jikinsa. Ana yanka ta kamar haƙarƙari, a jera, a manne, a lulluɓe da leda. Cikin fiffiken iska ce zalla, shi ya sa ba ya da nauyi. Amma aikin na cin kwanaki, katakon na da tsada, kuma laimar daminar Abijan kan tanƙwara shi.

Hanya ta biyu ita ce farin soso irin na cikin kwalin firji. Ana yanka shi da zaren ƙarfe mai zafi, cikin yini guda an gama. Ya fi jure faɗuwa, sai dai yakan ɗan fi nauyi, kuma fetur da wasu gam suna narkar da shi. Shi kaɗai ba ya da ƙarfi, sai an lulluɓe shi da siririn falle na katako.

Wane katako? Sau da yawa samba ne, wanda ake kira obeche a Najeriya, wawa a Gana. Maƙeran ƙananan jirage a Turai sun daɗe suna rufe soso da shi, alhali a dazuzzukan Kodebuwa yake fitowa.

Shawararmu ita ce mai koyo ya fara da soso, domin jirgin farko sai ya faɗi. In hannu ya faɗa, sai a koma balsa. Kuma don Allah a nemi fili nesa da jama'a, da wayoyin lantarki, da filin jirgin Port-Bouët.