Gambarar Zamani ta Shiga Maganar Hukuma

Tun zamanin ayari, abin da ya taso daga Kano yakan bi ta Damagaram ya sauka Damargu kafin ya wuce Agadas. A da tufafi ne da goro. Yau har da waƙa, wadda samarin Tanut da Balbeji ke yawo da ita cikin salula. A cikin waƙoƙin nan akwai wadda Turawa ke kira rap, Hausawa kuwa suka laƙaba mata gambarar zamani, domin mai yin ta ba ya rerawa, zuba magana yake yi bisa kiɗa kamar ɗan gambara a bakin kasuwa.

An daɗe dattawa ba su ɗauke ta a bakin kome ba. A ganinsu wasan yara ne masu kwaikwayon Amurka, ba abin da ke ciki sai kirarin kai da zancen ƴan mata. Ɗaya daga cikin waɗanda suka sa aka sake shawara shi ne wani matashin Kano, Nazir Ahmad Hausawa, wanda aka fi sani da Ziriums.

Cikin shekarar 2007 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar tace fina-finai ta jahar Kano. Hukumar ta ɗaure fuska ƙwarai. A wannan shekara aka jefa Adam A. Zango kaso saboda faifansa "Bahaushiya". Sai Ziriums ya fito da "Girgiza Kai", inda ya kai kukan mawaƙa da ƴan fim da aka hana wa neman abinci. Waƙar ta bazu daga wannan salula zuwa waccan, inda hannun mai tacewa ba ya kai. Cikin 2009 wata kotu a Kano ta haramta waƙoƙi 11, har da ita. A shekarar ne kuma aka kama Aminu Ala.

Ra'ayi ya rabu. Masu goyon bayan hukumar suka ce rashin kunya ce yaro ya ɗaga murya gaban manya, kuma baƙuwar al'ada ce. Masu bincike kuwa, irin su Carmen McCain, wadda ta zauna Kano tana nazarin fina-finan Hausa, suka dubi waƙar a matsayin shaidar abin da ke faruwa a lokacin. Maganar baƙunta dai ba ta da ƙarfi sosai, gama zambo da habaici tsofaffin makaman mawaƙin Hausa ne, kuma Mamman Shata bai bar wa kowa su ba. Haramcin ma ya nuna an ji zafin waƙar, don ba a kai wasan yara gaban alƙali.

Amma masu suka ba su rasa madafa ba. "Government Money", wadda Ziriums ya sa murya a ciki don yi wa masu cin dukiyar jama'a ba'a, an gina ta ne bisa kiɗan "Arab Money" ta Busta Rhymes. Faifansa na 2010 kuma sunan Turanci ya ba shi, "This Is Me". Maganar ta gida ce, rigar ta aro.

A Nijar al'amarin ya bi wata hanya. Tun da Lakal Kaney suka fitar da faifansu cikin 2000, ƙungiyoyi kamar Kaidan Gaskiya da mawaƙiya Zara Musa, wato ZM, suka riƙa taɓo cutar sida, auren dole da haƙƙin mata da yara. Maimakon haramci, sai ƙungiyoyin agaji suka rungume su, har UNICEF ta shirya dandalin ƴan rap cikin 2004. Shi ya sa tambayar masu suka a nan ta bambanta da ta Kano: waƙar faɗakarwa daga zuciyar mawaƙi ta fito, ko kuwa daga aljihun wanda ya biya kuɗin ɗaukar ta?