Yadda Injin Honda Ya Sha Kunya Kafin Ya Ci Gasar Formula 1

A shekarar 2015 kamfanin Honda na Japan ya koma gasar tseren motoci ta Formula 1, yana ƙera wa McLaren ta Ingila injin. Masu bin gasar ba su manta da 1988 ba, lokacin da wannan haɗi ya cinye tsere 15 cikin 16 a hannun Ayrton Senna da Alain Prost. Amma da kakar 2015 ta ƙare, McLaren ta zo ta tara cikin goma da maki 27 kacal, alhali direbobinta, Fernando Alonso da Jenson Button, duk sun taɓa zama zakarun duniya.

Tushen abin yana cikin dokar 2014, wadda ta kawo injin mai haɗa fetur da lantarki. Silinda shida ne, lita 1.6, kuma ba a yarda mota ta sha fiye da kilo 100 na mai a tsere guda ba. Sauran ƙarfin daga na'urori biyu yake fitowa. Ta farko, MGU-K, tana tara wuta a batir duk lokacin da direba ya taka birki, sannan ta mayar wa ƙafafun mota ƙarfin doki kusan 160. Ta biyu, MGU-H, tana manne da turbo, wato farfelar da hayaƙin injin ke juyawa don cusa masa iska. Ita ce ke mai da zafin hayaƙi lantarki, kuma tana iya juyawa har sau 125,000 a minti.

A nan Honda ta yi tuntuɓe. Ta shigo bayan Mercedes da Ferrari da Renault sun riga ta da shekara guda, ga kuma McLaren na son bayan motar ya tsuke ƙwarai don ta yanki iska. Sai injiniyoyi suka ƙanƙantar da turbo domin komai ya shiga. Ƙaramar farfela ba ta ba MGU-H isasshen ƙarfi, don haka a filaye masu dogon miƙaƙƙen titi, irin su Spa da Monza, wutar kan ƙare tun kafin a kai kwana. Dawakai 160 su ɓace nan take, abokan hamayya su wuce kamar motar a tsaye take.

Gano ciwon bai yi wuya ba, maganin ne doka ta ɗaure. Kwanakin gwaji a fili ƙalilan ne, an ƙayyade yawan sassan da kamfani zai sake wa fasali a shekara, kuma duk direban da ya wuce adadin injinan da aka ware masa sai a mai da shi baya a layin tashi. A tseren Beljiyam na 2015, hukuncin direbobin McLaren biyu ya kai matsayi 105, a gasar da motoci 20 ne kawai. A Suzuka, filin Honda na kanta, Alonso ya fusata ya kwatanta injin da na ƙaramar gasar GP2 ta rediyo, duniya na ji.

A 2017 Honda ta sake injin daga tushe, sai wasu matsaloli suka ɓullo: tankin baƙin mai ya ba da wahala tun a gwajin Basalona, jijjiga ta yi yawa, boris ɗin MGU-H kuma yana ta lalacewa. Abin da ya yi kyau a ɗakin gwajin Honda na Sakura sai ya ƙi idan an ɗaura shi a mota. A watan Satumba aka sanar da rabuwa da McLaren.

Sauƙi ya zo ta hanyoyi biyu. Masu ƙera injin tseren sun nemi taimakon takwarorinsu da ke aikin injin jirgin HondaJet, waɗanda sandar da ke juyawa da matsanancin gudu sana'arsu ce, aka gyara fasalin sandar MGU-H. Sannan a 2018 ƙungiyar Toro Rosso, wadda ta karɓi injin Honda, ta yarda ta riƙa karɓar hukuncin komawa baya domin a gwada sababbin sassa a tsere na gaske. Wannan haƙuri ne ya ba Honda kilomitocin da ta rasa shekara uku.

A 2019 Max Verstappen ya ci tseren Ostiriya da motar Red Bull mai injin Honda, nasarar Honda ta farko tun 2006, kuma a 2021 ya zama zakaran duniya da injinta.

Dokar 2026 ta cire MGU-H gaba ɗaya saboda tsada da wahalarta, ta kuma ɗaga ƙarfin lantarki daga kilowat 120 zuwa 350. Ke nan dole a nemo wuta kusan ninki uku ba tare da na'urar da ke cika batir a miƙaƙƙen titi ba, aikin da Honda ta ɗauka tare da Aston Martin.