Allo biyu a tsohuwar kwamfuta ɗaya

A shagunan buga takardu na Jimeta ba a rasa tsofaffin Dell da HP 'yan gwanjo, kuma da yawansu na iya ɗaukar allo biyu.

A leƙa bayan akwatin kwamfutar. In katin hoton na da kafa biyu, VGA shuɗiya da DVI fara, kowane allo ya kama tasa. In kuwa kafa ɗaya ce mai faɗi, DMS-59, sai an nemo wayarta mai reshe biyu. Wayar DVI ba ta shiga wannan kafar, kada a tilasta. Wayar raba VGA kuwa asarar kuɗi ce, hoto ɗaya take maimaitawa.

Bayan haɗawa, a danna maɓallin Windows tare da P, a zaɓi Extend. Da zafin Yola na Afrilu, a riƙa kakkaɓe ƙurar fankar katin.