Ko Ka Sani? Bindigar Wasan Fenti Don Shanu da Itatuwa Aka Fara Ƙera Ta

A Amurka akwai wani wasa da ake kira paintball. 'Yan wasa kan rufe fuska da kariya, su bazu cikin daji suna harbin juna da ƙananan ƙwallaye masu cike da fenti. Duk wanda ƙwallo ya fashe a jikinsa, ya fita ke nan. Sai dai bindigar farko ta wannan wasa ba don wasa aka yi ta ba.

A shekarun 1960, kamfanin fenti na Nelson da ke jihar Michigan ya ƙirƙiro hanyar ɗura fenti cikin ƙwanso mai laushi, domin ma'aikatan gandun daji su sa wa itacen da za a sare alama daga nesa, makiyaya kuma su shaida saniya ba tare da sun kama ta ba. Kamfanin Crosman ne ya fara ƙera bindigar harba shi, daga baya kamfanin Daisy ya fito da Nel-Spot 007, wadda ta yi suna.

Gardama ce ta mayar da ita kayan wasa. Marubuci Charles Gaines da abokinsa Hayes Noel, ɗan kasuwar hannun jari, sun daɗe suna musu a kan ko wayon ɗan birni zai fisshe shi a daji gaban wanda ya tashi a karkara. Tare da Bob Gurnsey suka tara mutum 12 a Henniker ta jihar New Hampshire a watan Yunin 1981, kowa da Nel-Spot a hannu. Ritchie White, ma'aikacin gandun daji, shi ya lashe wasan, kuma ko harbi ɗaya bai yi ba.

Ita 007 ta asali da ɗan maɓalli ake ɗana ta, mai cin yatsa. 'Yan wasa ne suka ƙara mata mariƙi da ke zamewa a jikin bututu. Idan ka ja shi baya, ƙwallo ɗaya zai faɗa cikin bututun, ƙarfen bugu ya maƙale. Ka tura gaba, ƙwallon ya zauna daram. Da ka taɓa kunama, sifirin zai wurga ƙarfen ya bugi bawul, iska ta kufce ta tura ƙwallon. Iskar kuwa gas ɗin CO2 ce, cikin 'yar kwalbar ƙarfe mai ɗaukar gram 12, wadda ba ta wuce harbi 'yan gomomi. Kamar bindigar harbi-ruga ta mafarauta take: in ka kuskure, sai ka sake shiri, abokin karawa kuwa ba jiranka zai yi ba.

Masu tara irin waɗannan tsofaffin bindigogi masu mariƙi sun kasa su gida biyu. Gidan Nelson na jera kayan cikinsa a bututu guda. A nan Bushmaster take, da Phantom wadda Mike Casady ya fito da ita a ƙarshen shekarun 1980. Gidan Sheridan kuwa bututu ne bisa bututu, galibi na farar tagulla mai nauyi, kamar PGP. Daga wannan tsari ne Bud Orr ya ƙera Sniper, wadda ta haifi shahararriyar Autococker.

Ƙarfen jikin bindigar yakan yi shekara arba'in lafiya lau. Roba ce ke mutuwa. Gas ɗin na fita da tsananin sanyi, yana busar da zoben roba har ya tsage. In ka ji iska na tsiyaya ta bakin bututu, yawanci robar bawul ce ta gaji. Ana shafa man da aka yi domin bindigar, don man da aka samo daga fetur na iya lalata wasu robobin, kuma ba a barin kwalbar gas a ciki bayan an tashi wasa. Akwai wata matsalar da masu ƙirar ba su hango ba: ƙwallayen yanzu sun ɗan fi na da ƙanƙanta, don haka sukan gangaro daga tsohon bututu mai faɗi tun kafin a harba. Kafin shiga fili kuma dole a auna gudun ƙwallo, kada ya haura ƙafa 300 a daƙiƙa, wajen mita 90.

Bindigar zamani mai batir na iya sakin ƙwallo sama da 10 a daƙiƙa guda, amma tsofaffin hannu na cewa ta sauƙaƙa wasan fiye da kima. Shi ya sa har yau ake ware wani rukuni mai tsauraran ƙa'idoji: kwalbar gram 12 kawai, da ɗan bututun ajiya a kwance mai cin ƙwallo kamar 10, wanda sai an karkata bindigar kafin na gaba ya gangaro. A irin wannan fili kuɗi ba sa sayen nasara. Mai haƙuri, mai iya laɓewa da saiti, shi ke kai labari.