An Yi Aikin Zuciya, Amma Bugun Bai Daidaita Ba

Zuciya ɗakuna huɗu gare ta, biyu sama, biyu ƙasa. Idan wutar lantarkin jiki da ke tafiyar da na saman ta rikice, sai su riƙa kakkarwa, bugu ya zama ba kai ba gindi. A ƙasar Hausa manyan masu jawo wannan su ne hawan jini da lalacewar ƙofar zuciya bayan ciwon maƙogwaro da aka yi wa sakaci tun yarinta.

In magani ya gaza, akan yi aiki. Ko dai a zura siririn bututu ta jijiyar cinya har zuciya, a ƙona ko a daskarar da wurin da ke ta da rikicin, ko a buɗe ƙirji a yi aikin da likitan Amurka James Cox ya fara a 1987. Duk biyun tabo suke bari da gangan, don tabo ba ya barin wuta ta wuce.

To, a watanni biyu zuwa uku na farko zuciya tana warkewa, rikicin yakan leƙo ya koma. Wannan kaɗai ba ya nufin aiki ya ɓaci. Abin lura shi ne in tabon bai haɗe ba, wuta takan samu kafa ta riƙa zagaye, zuciya ta kama gudu babu tsayawa, wani lokacin har bugu 150 a minti ɗaya, alhali na mai lafiya a zaune 60 zuwa 100 ne. Wasu kan ce wannan ya fi ciwon farko wahalar da su. Wasu kuma zuciyarsu takan rage gudu ƙwarai, musamman bayan buɗe ƙirji, har a sa musu batirin zuciya.

Babban kuskure shi ne mutum ya ji sauƙi ya ajiye maganin tsinka jini, irin su warfarin. Gudan jini ba ya sallama, shanyewar ɓarin jiki kawai za a gani. Likita ne kaɗai zai ce a daina.

Koyi ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ka ƙirga bugu na minti ɗaya. In ya rikice, je a yi maka gwajin bugun zuciya na ECG yana cikin yi, don in ya lafa na'ura ba za ta kama shi ba. Suma, ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, karkacewar baki, ko zazzaɓi da zafin haɗiya makonni bayan ƙonawar, ba a kwana da su a gida.

Wanda aka yi wa aiki a Indiya ko Masar, ya kai takardunsa ga likitan zuciya a asibitin koyarwa mafi kusa da zarar ya dawo, tun kafin a shiga neman taimakon gaggawa.