Katin Awon Yara: Me Layukan Nan Ke Nufi?

Jama'a, duk wanda ya ratsa ta asibitin Maamobi ranar awon yara ya san cikar da ake yi. Iyaye mata daga Nima da Maamobi da Kotobabi kan yi sammako, goyo a baya, kati a hannu. Nas ta ɗora yaro a sikeli, ta ɗiga alƙalami a kan kati, uwa ta koma gida. Amma mu nawa ne muka san abin da ɗigon nan ke faɗi?

Layukan da ke jikin katin ba da ka aka zana su ba. Daga 1997 zuwa 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya ta auna yara masu ƙoshin lafiya fiye da 8,000 a ƙasashe shida: Gana, Barazil, Indiya, Nowe, Oman da Amurka. A nan birnin Akra aka auna na Gana, saboda haka kada wani ya ce mana ma'aunin Turawa ne. A 2006 aka fito da shi.

To, ga yadda abin yake. A jera yara maza 100 masu shekara ɗaya, daga mafi rashin nauyi zuwa mafi nauyi. Na tsakiyar sahu zai kai kilo 9.6, a mata kuwa 8.9. Wannan shi ne layin tsakiya, mai lamba 0. Idan aka ce yaro yana matsayi na 25 cikin ɗari, ana nufin ya fi yara 25 nauyi, 75 kuma sun fi shi. Ba makin jarrabawa ba ne, 'yan'uwa. Na 25 bai faɗi ba, na 90 kuma bai ci ba.

Ma'aikatan lafiya sun fi amfani da abin da suke kira lambar Z, wato taku nawa yaro ya yi nesa da na tsakiya. Ga ɗa namiji mai shekara ɗaya, taku ɗaya ƙasa kilo 8.6 ne, taku biyu 7.7, taku uku 6.9. Yawancin yara a kusa da tsakiya suke cunkushe: kimanin 68 cikin ɗari ba su wuce taku ɗaya sama ko ƙasa ba, kimanin 95 kuma suna cikin taku biyu. Ƙasa da -2, yara biyu ne kacal cikin lafiyayyu ɗari. Ƙasa da -3 kuwa, da ƙyar a sami ɗaya cikin dubu. Shi ya sa idan ɗigo ya sauka ƙarƙashin -2 nas za ta tsaya ta yi tambaya a kan nono da abinci da zawo, idan kuma ya wuce -3 ba a cewa a bari sai wata mai zuwa.

Mu a ganinmu, inda aka fi yin kuskure shi ne duban ɗigo ɗaya tak. Yaron da ke bin layin -1 wata bayan wata yana hawa, ba abin tada hankali ba ne, ko da kakarsa na cewa ɗan maƙwabta ya fi shi kumatu. Wanda ya kamata a ji wa tsoro shi ne wanda yake kan 0, sai ɗigonsa ya tsaya cik wata biyu ko uku, ko ya soma gangarowa. Sau da yawa bayan wata shida hakan ke faruwa, lokacin da aka fara ba yaro koko tsararo ba gyaɗa, ba kifi, ba ƙwai.

Haka ake auna tsawo ma. Binciken lafiya na ƙasa na 2014 ya nuna yara 19 cikin ɗari 'yan ƙasa da shekara biyar a Gana tsawonsu na ƙasa da -2, alhali biyu ya kamata a gani. Wannan ba a cika gane shi da ido ba, don yaron na wasansa, sai dai a ce gajere ne irin gidansu.

Da yawa daga cikinmu kan daina zuwa awo da zarar an gama allurar rigakafi, alhali katin na aiki har yaro ya cika shekara biyar. Ran da za ku koma, ku roƙi nas ta nuna muku ɗigon wannan wata da na watan jiya.